Aradu Ta Yi Shiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwa biyu da suka rasa aikin yi, Likitan Haƙori, a madadin kansa da mahaifinsa da matarsa da ƙannensa, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda aka taɓa tayarwa daga barci a unguwar nan, rasuwar motarsa Aradu. Ta cika ranar Talata da hantsi a gefen babban titi, bayan doguwar jinyar da babu abin da ya kwantar da ita sai maganin da aka yi mata. Rai baƙon duniya ne, ko da na ƙarfe ne.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, in har akwai shi: ja ce wur, gajeruwa, mai kujera biyu rak, irin motocin nan da ake ƙerawa don gudu, ba don kai yara makaranta ba. Cikinta ya kusa shafar ƙasa, har in ta tarar da tudun rage gudu sai ta karkace ta hau shi a gicciye kamar ƙaguwa. Injinta a baya yake, dab da ƙeyar direba. Tayoyinta faffaɗa ne masu tauri, kuma waɗanda suka ƙera ta sun raba ta da duk wani abu mai nauyi don kada ya hana ta tashi, har da abin da ke shiga tsakanin kunnen mutum da kwalta. Saboda haka duk abin da tayarta ta taka sai ta faɗa maka. A kan sabuwar kwalta takan ce wuuuuu, a kan tsohuwa ta ce rrrrrr. In ta hau gada, dum-dum, dum-dum. In an yi ruwa, shaaaaa. In kuwa ta faɗa cikin tsakuwa, sai ka rantse ƙusoshi ake juyewa a bokitin ƙarfe. Maƙwabta ne suka raɗa mata suna, kuma ba su yi mata ƙage ba.

Marigayiya ba ta san munafunci ba. Ba ta taɓa zuwa wuri a ɓoye ba. Tun tana kwanar gidan mai, maigadi yake buɗe ƙofa, matar Likita ta ɗora ruwan shayi, yara su kashe talabijin su buɗe littafi. A wurin aiki ma alherinta ya isa ga kowa, domin duk mai ciwon haƙorin da zuciyarsa ta karaya a ɗakin jira yana samun isasshen lokacin da zai tsere kafin Likita ya hawo bene. Ba a taɓa yin faɗa a cikinta ba, tunda ba a jin juna. Sau nawa Likita da matarsa suka shiga da rigima suka fito suna murmushi, kowa yana zaton shi ya yi nasara. Duk sirrin da aka faɗa a cikinta ta tafi da shi, domin ko mai faɗar bai ji abin da ya faɗa ba.

A nan ya zama wajibi a bayyana yadda ciwon ajalinta ya faro, don a kashe bakin masu cewa gudu ne ya kashe ta.

Mahaifin Likita, wanda gidan kaf ake kira Baba, tsohon direban babbar mota ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa da rabin tsufansa a kan hanya, sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya sauke shi, ya zaunar da shi a ɗakin ƙasa na gidan ɗansa, kusa da taga. Ciwon ya bar masa hankalinsa, amma ya tafi da maganarsa, ko kuma haka aka zata. Sai ya wuni bai ce uffan ba. A kawo abinci ya ci, a gaishe shi ya ɗaga hannu mai lafiyar, shi ke nan.

Wata safiya motar gida ta tafi da yara, ga shi kuma ranar kai Baba asibitin motsa gaɓɓai ce. Dole Likita da maigadi suka naɗe tsohon suka zura shi cikin Aradu kamar zare a kafar allura. Suna hawa babban titi, taya ta ɗauki waƙarta, sai Likita ya waiga ya ga abin da ya kusa sa shi sakin sitiyari: bakin Baba yana motsi. Ba ɗan motsi ba, magana sosai, har da gyaɗa kai, idanunsa tar a kan hanya.

"Baba, me ka ce?" in ji Likita da iyakar muryarsa.

Aradu ta ce rrrrrr.

Ya rage gudu don ya ji, sai bakin Baba ya rage. Ya tsaya a gefe, sai bakin ya rufe ruf. Ya sake taka mota, magana ta dawo. Haka suka je, haka suka dawo, kuma daga ranar Likita bai ƙara yarda wani ya kai Baba asibiti ba.

Labari ya zaga dangi, kowa ya kawo fassararsa. Ƙanwar Likita ta ce, "Yaya, wasiyya ce, wallahi. Kana can kana tuƙi tsoho yana raba gado a iska." Autansu ya ce shi dai ya san akwai wani fili da Baba ya taɓa ambata. Matar Likita ta ce addu'a ce, kuma duk wanda ya shiga motar nan dole ya yi addu'a. Likita kuwa yana da tasa a zuci. Tun yana yaro bai taɓa jin kalmar yabo daga bakin mahaifinsa ba. Ranar da ya kawo masa takardar gama karatu, abin da tsohon ya ce kawai shi ne, "To, yanzu sai cire haƙoran mutane." Likita ya kai shekarun furfura yana jiran ragowar maganar. Sai ya sa a ransa cewa ita ce take fitowa yanzu, a hankali, motarsa kuwa tana cinye ta.

Ya gwada ɗaukar muryar da waya. Da ya kunna a gida, sai dangi suka zauna suka saurari Aradu daga farko har ƙarshe.

Daga nan aka kai marigayiya wurin bakanike, wanda ake kira Sifana, mutumin da bai taɓa ce wa mai mota ba zai yiwu ba. Ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashinta.

"Likita," in ji shi, "ƙara ɓera ce. In ka toshe mata rami ɗaya, sai ta ɓullo ta wani. Amma ramukan suna da iyaka. Mu fara."

Aka fara da hankali, kamar kowace jinya. Aka cire mata tayoyinta na haihuwa, aka sa mata masu laushi. Aka ɗan rage musu iska. Aka liƙe saman kowace taya da faifan roba mai gam, aka shimfiɗa irinsa a ƙasan kujeru da cikin ƙofofi, aka sauya robar bakin gilashi. Aradu ta sauko daga tsawa zuwa gurnani. Likita ya ɗauko Baba, suka hau titi. Bakin Baba ya motsa, amma yanzu da taya ta sassauta sai ga iska tana fito a jikin madubin gefe, fiiiii. Aka naɗe madubin da soso. Da iska ta yi shiru, sai ga wani ɗan ƙaras-ƙaras a bayan sitiyari wanda babu wanda ya san da zamansa. Sifana ya tafa hannu ya ce ai ga ɓeran nan ya fito fili.

Daga nan jinya ta wuce abin da ake sayarwa a shago. Sosan kujera ya ƙare, aka koma kwalin ƙwai. Kwalin ƙwai ya ƙare, Likita ya fara duban kayan gidansa da wani irin ido.

"Baban yara," in ji matarsa wata rana, tana tsaye a tsakiyar falo a kan siminti tsirara, "ina dardumar nan?"

"Tana asibiti."

"Bargon baƙi fa?"

"Ya je dubiya."

Katifar ɗakin baƙi ta bi su, aka yanka ta gida-gida aka cusa bayan kujeru. Labulen ɗakin cin abinci ya tafi. Tsohuwar rigar sanyin maigadi ta tafi yana cikin wanka. Daga wurin aiki Likita ya kwaso audugar da ake cusa wa mutane a kumatu, ya bi kowace kafa da ɗan hantsakinsa yana turawa, bakinsa a rufe da ƙyallen aiki, yana ce wa motar ta yi haƙuri, saura kaɗan. Inda auduga ta ƙi zama, ya kwaɓa hodar nan da ake ɗaukar hoton dasashi da ita ya shafe. Masu wucewa ta garejin sun shaida cewa ba su taɓa ganin an yi wa mara lafiya hidima irin wannan ba.

Marigayiya ta jure duk wannan ba tare da ƙorafi ba, domin an toshe duk inda ƙorafin zai fito. Ta yi ƙiba. Ƙofarta da ke rufuwa da ƙarar gwangwani ta koma rufuwa kamar firji, fuf. Cikinta ya matse har Likita yana tuƙi gwiwoyinsa suna gaisawa da kunnuwansa. Motar da ba a taɓa ganin bayanta sau biyu ba, sai ga mai tura kurar ruwa yana neman ta ba shi hanya a hawa. Unguwa ta rikice. Maƙwabcin da ke tashi da muryarta ya makara har aka ba shi takardar gargaɗi. Yara aka kama su dumu-dumu a gaban talabijin. Maigadi bai ji zuwanta ba, Likita kuwa ya saba tarar da ƙofa a buɗe, shi ya sa ƙofar gidan take a lanƙwashe har yau. A cikin motar kuma, karo na farko tun aurensu, matar Likita ta yi magana ya ji, ya ba da amsa, ita ma ta ji. Ba su ƙara fita tare a cikinta ba.

Sai wani sauti guda ya rage, wani siririn huuu daga baya. Sifana ya bi shi da kunne har ya gano wasu ramuka biyu a gefen motar, dab da tayoyin baya.

"Ga uwar ɓerayen nan," in ji shi.

Suka dubi juna, shi da Likita, suka ɗauko matashin kai biyu suka cusa. Daga baya ne aka tuna cewa ta nan marigayiya take shan iska.

Ranar Talata Likita ya soke ganin marasa lafiya, ya sa sabuwar riga. Aka zura Baba tsakanin katifa da bargo. Suka fita unguwa, babu karen da ya ɗaga kai. Suka hau babban titi, Likita ya taka ta, allurar gudu ta tashi a hankali da nishi, bishiyoyi suka fara gudu baya. Shiru. Shiru irin wanda mutum ke jin ƙiftawar idonsa. Likita ya ji agogon hannunsa, ya ji cikinsa yana juya shayin safe, ya ji wani haƙorin Baba na hagu yana ɗan motsi. Ya karkata kunnensa wajen tsohon, ya jira.

Bakin Baba a rufe yake.

Tsohon ya dubi dama, ya dubi hagu. Sai ya ce, da murya sarai wadda ba a ji ba tun kafin ciwo, "Mun iso?" Ya kai hannu yana laluben abin buɗe ƙofa. Allah ya taimaka abin yana can binne ƙarƙashin labulen ɗakin cin abinci.

"Baba, tafiya muke yi! Gudu ma muke yi!"

"Ƙarya kake. Ba na jin hanya."

"Baba, duk kwanakin nan kana magana a motar nan, ban ji ko ɗaya ba. Shi ya sa na yi wannan aiki. Ga ni, ina jin ka yanzu. Me kake ce mini?"

"Kai?" in ji Baba. "Wa ya ce da kai nake? Da ita nake. Tana yi, ina amsa mata. Tun da aka sauke ni daga mota babu wanda ya yi mini magana da harshen da nake ji sai yarinyar nan." Ya danna katifar da ke gefensa da yatsa, yatsan ya nutse. "Me ka yi mata?"

A lokacin ne hancin Likita ya ji ƙaurin bargo. Allurar zafi ta daɗe tana ihu, amma tana bayan auduga. Ba su ji fitar ranta ba. Babu ƙara, babu shure-shure. Abin da ya sanar da su kawai shi ne bishiyoyi sun rage gudu, sun koma tafiya, sun tsaya. Aradu ta gangara gefen titi da kanta, cikin ladabi, ta tsaya a gindin wani allon talla. Da Likita ya samu ya tura ƙofa, ya ji kalamanta na ƙarshe daga baya, cikin hayaƙi mai warin matashin kai: tik, tik, tik.

"Kai dai haka kake," in ji Baba. "Da abu ya buɗe baki, sai ka cusa masa auduga."

Likita ya zaro guntun katifa ya shimfiɗa a bakin titi, ya zaunar da mahaifinsa, ya kira motar jan motoci, ya zauna kusa da shi ya haɗa kai da gwiwa. Yana ganin ya yi biyu babu. Sai wata babbar mota ta wuce dab da su, ƙasa ta girgiza, tayoyinta suna rrrrrr. Wata ta biyo ta. Bakin Baba ya fara motsi. A wannan karon babu sitiyari a hannun Likita, sai ya matsa ya kafa kunnensa a kan leɓen tsohon kamar mai sauraron ƙirji.

Gurnani ne, ƙasa-ƙasa, yana bin tashin tayoyi da saukarsu. A tsakani kuma kalmomi suna faɗowa ɗaya-ɗaya. Gangara. Giya ta uku. An yi ruwa a nan. Ga gadar. Saura kwana ɗaya.

"Baba, ina za ka?"

"Gida," in ji tsohon, idonsa a kan titi. "Kullum hanyar nan nake bi. Uwarka tana bakin ƙofa, kana goye, kana ta tsala ihu. Tun daga kwana nake jiyo ka, ka fi injin ƙara. Ina jin ka sai in ce wa yaron mota, ka ji wancan? Nawa ne."

Mai motar jan motocin ya shaida cewa da ya iso ya tarar da babban mutum cikin sabuwar riga yana kuka a kan guntun katifa, ya yi masa ta'aziyya, ya ce ai mota ce, ana samun wata. Iyalai suna gode masa.

Sifana ya duba gawar ya tabbatar da cewa injin ya buga, bugun da ba a tashi. Ya ƙara da cewa a iya aikinsa bai taɓa samun nasara irin wannan ba, domin ko kusa da ita ka tsaya ba ka jin komai.

Marigayiya ta rasu ta bar tayoyinta huɗu na asali, waɗanda ke jingine a bayan gareji, ba su san abin da ya faru ba. Ta bar makulli biyu, da jak, da rigar rufa da ke hana ta ƙura, da wata 'yar safayar taya marainiya wadda ba ta taɓa taka ƙasa ba. Ta bar maigadi da ƙofa a lanƙwashe. Ta bar autan gida yana tambaya har yanzu ko an ji wani abu game da filin. Ta bar Likita, wanda ya rene ta kuma ya yi ajalinta da kyakkyawar niyya. Ta kuma bar abokin hirarta guda ɗaya a duniya, wanda ya ce a rubuta cewa yarinyar kirki ce, ba ta taɓa katse shi ba.

Ga yadda aka tsara rakiyarta. Ranar Asabar da safe za a yi mata wanka a garejin Sifana, inda za a zare mata duk abin da aka cusa. Ana roƙon duk mai bargo, ko labule, ko matashin kai, ko rigar sanyi a jikin marigayiya ya zo da kansa ya shaida kayansa, matar Likita ce za ta jagoranci rabon, kuma ta ce kada kowa ya taɓa dardumar. Za a mayar mata da tayoyinta na haihuwa, a ja ta a kan ƙafafunta, ba a kan bayan mota ba, ta babban titi da kan gada, har zuwa filin 'yan gwangwan, domin ta yi magana ta ƙarshe da bakinta. Masu tayoyin da suka suɗe da masu fasasshiyar salansa su ne a sahun gaba. Ba za a yi shiru na minti ɗaya ba. Shiru ya riga ya yi abin da zai yi.

Kujerunta biyu ba za su bi ta ba. An kwance su, an kafa su a barandar gidan, suna kallon titi, kuma a nan za a karɓi gaisuwa kowace yamma bayan Likita ya taso daga aiki. Duk wanda ya zo ya tarar da Likita a kujerar direba, hannuwansa a kan sitiyarin da babu, kumatunsa a kumbure yana wuuuuu, Baba kuma a gefensa yana amsawa, to ya samu wuri ya zauna ya jira, domin Baba ba ya son a tsaya a tsakiyar hanya. Ya ce muryar ba ta kai ta marigayiya ba, kuma yaron yana lattin sauya giya, amma ana jin hanya. Ana neman mai kaurin murya daga cikin masu ta'aziyya ya taimaka ya riƙe tayoyin baya, musamman in an zo gada.